Mai Haƙuri Yakan Dafa Dutse: Malami, Ɗalibi da Binciken Ƙasusuwa

 Duk wanda ya bi ta barandar sassan karatu a ƙarshen zangon shekara ya ga abin da na gani: 'yan ajin ƙarshe sun jeru a bakin ofis, kowa rungume da fayil ɗin bincikensa, suna jiran malamin da aka ce shi zai duba aikinsu. Wani ya yi mako uku yana sintiri bai dace ba. Ni kaina, shekarar da na yi nawa binciken na digirin farko, sau biyu rak na zauna da wanda aka haɗa ni da shi. Ran farko ya ba ni take, ran ƙarshe ya sa hannu. Ban ce mugun mutum ba ne, domin ɗalibai sun yi masa yawa, ga ajujuwa, ga taro, ga albashin da ba ya kai wata. Amma dai gaskiyar magana ita ce na fito da takarda a hannu, ban fito da sana'a ba.

Ra'ayina kuwa shi ne, bincike sana'a ne kamar ƙira ko jima ko ɗinki, kuma hannu da hannu ake gadonsa. Jami'ar da ba ta ɗauki renon ɗalibi a matsayin babban aikin malami ba, za ta yi ta raba digiri shekara da shekaru, alhali kuwa ba ta haifi mai bincike ko ɗaya ba. Don in kafa hujja zan ɗauko misali daga wani fanni da ba kasafai muke jin labarinsa ba, watau ilmin ƙirar jikin dabbobi masu ƙashin baya, da yadda wannan ƙira ta yi ta sauyawa cikin miliyoyin shekaru.

Wane irin ilmi ne wannan?

Duk wanda ya taɓa cin fiffiken kaza ya lura da kyau, ya ga akwai ƙashi ɗaya babba daga sama, sa'an nan biyu a jere, sa'an nan ƙanana a ƙarshe. To, ka dubi hannunka: ƙashin damtse ɗaya, na sangali biyu, ƙananan ƙasusuwan wuyan hannu, sa'an nan yatsu. Haka fiffiken jemage yake, haka ƙafar gaba ta kada da ta kwaɗo. Aikinsu ya bambanta, wani tashi, wani iyo, wani rubutu, amma tsarin ɗaya ne. Masu wannan ilmi suna tambayar daga ina tsarin ya samo asali, yaushe ya fara bayyana, kuma yaya kowane ƙashi yake aiki in dabbar tana da rai. Suna neman amsa a jikin dabbobin yau, da cikin ƙasusuwan dabbobin dā waɗanda suka daskare suka zama dutse. Kada a ɗauka ilmin nishaɗi ne kurum: da yawa daga cikin masanansa su ne suke koya wa ɗaliban likitanci sassan jikin ɗan Adam.

Na san akwai daga cikin masu karatu waɗanda da zarar sun ji an ambaci sauyawar halittu sai su ja baya, domin maganar tana taɓa abin da suka yi imani da shi. Wannan muhawara ce mai zaman kanta, tana da malamanta, ba kuma ita ta kawo ni ba. Abin da nake so mu duba shi ne yadda mutanen nan suke koya wa juna aiki. Ƙashin da suka tono kuwa yana nan a ajiye, kowa yana iya zuwa ya auna shi da kansa.

Salsalar malamai

Mu da muka san makarantar zaure, inda ɗalibi yake iya lissafa wanda ya karantar da malaminsa, da wanda ya karantar da wancan, ba za mu yi mamakin jin cewa masana ƙashi ma suna da salsala ba. Bari in bi guda ɗaya.

A. W. Crompton mutumin Afirka ta Kudu ne, ya yi karatu a Jami'ar Cambridge ta Ingila a hannun F. R. Parrington. A 1958 ya bayyana ƙasusuwan wata 'yar dabba ta zamanin dā da aka tono a kudancin Afirka, wadda muƙamuƙinta yake da mahaɗa biyu a kowane gefe: ɗaya irin ta dabbobi masu rarrafe, ɗaya irin ta masu shayarwa. Muhimmancin wannan kuwa shi ne, biyu daga cikin ƙananan ƙasusuwa uku da ke cikin kunnenmu, waɗanda ake yi wa laƙabi da guduma da maƙera, su ne a jikin ƙadangare suke haɗa muƙamuƙi da kai. Dabbar Crompton ta nuna yadda sabuwar mahaɗa ta samu kafin tsohuwar ta bar aikin tauna ta koma aikin ji.

Da Crompton ya koma Jami'ar Yale ta Amurka, sai ya sami ɗalibi mai suna Farish Jenkins, wanda ya yi aikin soja kafin ya dawo karatu. Jenkins ya kammala digirinsa na uku a 1968 a kan ƙasusuwan jikin irin waɗannan dabbobi na Afirka, ya kama aiki a Jami'ar Harvard a 1971, ya zauna can har ya rasu a 2012. Bai yarda ya tsaya ga busasshen ƙashi ba. Sai ya riƙa sa dabbobi masu rai su yi tafiya a gaban na'urar hoton ƙashi, yana ɗaukar hoto mai motsi, don ya ga yadda kafaɗa da ƙugu suke juyawa. A 1988 shi da abokan aikinsa biyu suka sa wasu 'yan tsuntsaye suka yi ta tashi cikin wani bututu mai hura iska, suka gano cewa siririn ƙashin nan mai reshe biyu da ke ƙirjin tsuntsu yana buɗewa yana tsukewa da kowane bugun fiffike, kamar baka in an ja an saki.

Duk da wannan shahara, abin da ɗalibansa suka fi tunawa da shi shi ne koyarwarsa. Yakan shiga aji tun sa'o'i kafin lokacin darasi, ya zana ƙasusuwa da jijiyoyi a allo da alli kala-kala, don ɗalibai su iske komai a shirye. Yakan haddace sunayen 'yan ajinsa. Shehun malami ne a ɗaya daga cikin manyan jami'o'in duniya, amma bai ga zanen allo ya yi masa ƙanƙanta ba.

Yadda ake koyon gani

Cikin ɗaliban Jenkins akwai Neil Shubin, wanda ya kammala digirinsa na uku a 1987. Shubin ya ba da labarin fitarsa ta farko a littafin da ya wallafa a 2008. Jenkins ya tafi da shi hamadar Arizona neman ƙasusuwan ƙananan dabbobi masu shayarwa na farko, cikin duwatsun da suka kai kimanin shekara miliyan 200. Kullum sai ya fita da safe, ya dawo da yamma hannu rabbana, sauran kuwa jakunkunansu cike da ƙashi. Sai ya liƙe wa Chuck Schaff, wani ma'aikacin gidan adana kayan tarihi na jami'ar, yana bin sa sawu da sawu, yana kallon abin da yake tsinta a daidai wurin da shi bai ga komai ba sai tsakuwa. Aka ɗauki makonni a haka. Ran nan sai ya hango ƙyallin haƙori a cikin rairayi, daga nan idonsa ya buɗe, ya fara ganin ƙashi ko'ina a inda dā yake takawa ya wuce.

A nan ne fa maganata take. Shubin ya riga ya karanta littattafai, ya ci jarrabawa, ya san sunan kowane ƙashi. Abin da ya rasa shi ne ido, ido kuwa ba a rubuta shi a littafi. Da an bar shi a ɗakin karatu, ko da an ba shi take an ce ya dawo bayan shekara, da har yau bai ga haƙorin nan ba. Hausawa sun ce da na gaba ake gane zurfin ruwa. Ku lura kuma, wanda ya buɗe masa ido ba shehun malami ba ne, ma'aikaci ne wanda ya daɗe yana aikin. Hikimar Jenkins ita ce ya haɗa su, ya kuma yi haƙuri da makonnin da ɗalibinsa bai tsinana komai ba.

Kifin ƙasar ƙanƙara

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da Shubin ya zama malami a Jami'ar Pennsylvania, sai shi ma ya sami ɗalibi, Ted Daeschler. Ba su da kuɗin tafiya nesa, saboda haka suka riƙa bin gefen manyan hanyoyin jihar, inda aka fasa duwatsu don a fitar da titi. A 1993 Daeschler ya tsinci ƙashin kafaɗar wata dabba mai ƙafa huɗu ta farkon zamani a irin wannan wuri. Wannan ya ƙara musu ƙaimi a kan babbar tambaya: yaya fiffiken kifi ya zama ƙafa?

Ga yadda suka yi lissafi. An san kifaye masu fiffike mai tsoka da ƙashi a cikin duwatsun da suka kai shekara miliyan 385. An san dabbobi masu ƙafa da yatsu a cikin na shekara miliyan 365. To, in akwai halittar da ke tsakani, sai a neme ta a duwatsun shekara miliyan 375, waɗanda lakar rafi ta haifar, waɗanda kuma suke a fili, ba daji ko gine-gine da suka rufe su. Suna cikin jayayya a ofis suka buɗe wani littafin ilmin duwatsu na 'yan ajin farko, suka ga taswira tana nuna irin waɗannan duwatsu a tsibiran arewacin Kanada, can kusa da ƙarshen duniya, inda ba wanda ya taɓa bincika su don wannan buƙata.

Ƙasa ce ta ƙanƙara, ba itace, ba hanya, sai jirgi mai saukar ungulu ya sauke mutum da tantinsa da abincinsa. 'Yan makonni kaɗan ne a shekara ake iya aiki, lokacin da rana ba ta faɗuwa. Wa suka nema ya shige musu gaba? Jenkins, wanda ya yi shekaru yana kai ayari tsibirin Greenland, ya san yadda ake rayuwa a irin wannan wuri. Sai ga malami, da ɗalibinsa, da ɗalibin ɗalibinsa, suna kwana a tantuna suna fasa dutse tare.

A 1999 suka sauka a wurin da bai dace ba, domin duwatsun na tsohuwar teku ne mai zurfi. A 2000 suka matsa gabas zuwa tsibirin Ellesmere. Can wani yaro mai suna Jason Downs, wanda ko digirin farko bai gama ba, ya yi jinkirin dawowa sansani har hankalin manya ya tashi. Da ya iso sai ya fara zazzage gutsattsarin ƙashin kifi daga aljihunansa. Shi ya gano wurin. Suka koma a 2002, ba su sami abin da suke nema ba. Zuwan 2004 shi ne na huɗu, kuɗi ya kusa ƙarewa, sun san in ba a dace ba shi ke nan. A wannan karo Stephen Gatesy, wani tsohon ɗalibin Jenkins, ya ga hancin wata halitta mai faffaɗan kai yana leƙowa daga cikin dutse.

Aka naɗe duwatsun da filasta aka kawo su gida, inda ma'aikata biyu, Fred Mullison da Bob Masek, suka yi watanni suna tsakurar dutsen da 'yan tsinkaye har ƙashin ya fito. Abin da ya bayyana kifi ne mai ɓawo da fiffike, amma kansa faffaɗa ne kamar na kada, idanu a sama, yana da wuya, abin da sauran kifaye ba su da shi, ga haƙarƙari masu kauri. A cikin fiffikensa kuwa ga ƙashi ɗaya, ga biyu, ga ƙanana masu kama da na wuyan hannu. Suka roƙi dattawan Inuit, mutanen yankin Nunavut, su raɗa masa suna, dattawan suka ce Tiktaalik, sunan wani babban kifin ruwan daɗi a harshensu. A watan Afrilu na 2006 mujallar Nature ta buga bayaninsa cikin maƙala biyu. Mai haƙuri, in ji Hausawa, yakan dafa dutse har ya sha romonsa.

Yanzu ku dubi yadda aka jera sunaye, domin a nan ake gane halin malami. A maƙala ta farko sunan Daeschler ne a gaba, a ta biyu na Shubin, Jenkins kuwa, babbansu duka, yana ƙarshe a duka biyun. A 2008 aka buga bayanin ƙasusuwan cikin kan kifin, sunan da ke gaba shi ne na Jason Downs, yaron nan mai cika aljihu. Da aka buga bayanin ƙashin ƙugunsa a 2014, shekara biyu ke nan bayan rasuwar Jenkins, ɗalibansa suka sa sunansa cikin marubuta, domin da shi aka yi aikin. Yaba kyauta tukwici.

Abin da mai suka zai ce

Wani zai ce, to ai wannan almajiranci da kake yabo shi ne ƙofar bauta. Mun ga ɗalibin da ya zama ɗan aike, mai riƙe jaka, mai gyaran takardun jarrabawa, wanda in ya yi rubutu sai malam ya ɗora sunansa a gaba. Mun ji kukan 'yan'uwanmu mata waɗanda aka riƙe musu sa hannu don a nemi abin da bai kamata ba. Mun kuma san malamin da yake jan ɗan garinsu a jiki ya bar wanda ya fi hazaƙa. Wannan suka gaskiya ce, ban musa ba. Duk inda makomar mutum ta rataya ga alƙalamin mutum ɗaya, to, ƙofar zalunci a buɗe take, kuma jami'o'in Turai da Amurka ma ba su tsira daga wannan ba. Sai dai maganin gurɓataccen reno shi ne a gyara shi, a yi masa ƙa'ida. In aka ce don gudun zalunci malami ya nisanci ɗalibi, an koma barandar da na fara da ita.

Wani kuma zai ce, ɗalibin da ya girma a inuwar malami ba ya iya saɓa masa, sai ilmi ya daskare. Wannan fanni da kansa ya ba da amsa. A 2010 aka buga labarin wasu sawun ƙafafu da aka gano a wata mahaƙar dutse a ƙasar Poland, waɗanda suka kai kimanin shekara miliyan 390, watau sun girmi Tiktaalik. In sawun na dabba mai ƙafa huɗu ne, to, ƙafa ta riga kifin ƙanƙara bayyana, shi kuwa ya zama ɗan'uwa da ya riƙe tsohuwar siffa, ba kaka ba. Har yau ana muhawara a kan sawun. Cikin waɗanda suka kawo wannan hujja akwai Per Ahlberg, ɗalibin Jenny Clack ta Cambridge, wadda ita ma a 1990, tare da Michael Coates, ta rushe tsohon zato cewa dabbobin farko yatsu biyar suke da su, da suka ƙirga takwas a hannun wata halitta da ta tono a Greenland. Ashe malamin kirki ba biyayya kaɗai yake koyarwa ba. Yana koya wa ɗalibi yadda ake auna hujja, ko da hujjar za ta kayar da maganar manya.

Mu fa ina muka tsaya?

Kada wani ya ce wannan zancen ƙasashen ƙanƙara ne, bai shafe mu ba. Ƙasusuwan suna ƙofar gidanmu. A Gadufawa, kudu maso gabas da Agadas, masu neman ma'adinin yuraniyom ne suka ci karo da ƙasusuwa, sai wani matashin Bafaranshe, Philippe Taquet, ya zo ya yi ta aiki a wurin tun tsakiyar shekarun 1960. Daga nan aka sami katon kadan nan da aka raɗa wa suna Sarcosuchus a 1966, da dainaso mai suna Ouranosaurus nigeriensis a 1976. A 1999 Paul Sereno na Jami'ar Chicago da jama'arsa suka bayyana Nigersaurus, mai haƙora sama da 500, suka liƙa masa sunan Taquet don girmamawa. A ƙasar Sakkwato, wadda teku ta taɓa malale ta kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce, an tono ƙasusuwan wani katon ƙadangaren ruwa. Wani masani Bature ya fara bayyana shi a 1930, wasu Italiyawa suka sake nazarinsa a 1972 suka kira shi Goronyosaurus, da sunan Goronyo. A 1975 L. B. Halstead, wanda ya koyar a Jami'ar Ife, ya bayyana wani tsohon kada ya kira shi Sokotosuchus.

Ku sake karanta sunayen nan. Na dabbobin namu ne, Nijar da Goronyo da Sakkwato. Na waɗanda suka jagoranci binciken kuwa duk na baƙi ne. Ban ga laifinsu ba, sun yi aiki, wasunsu ma sun yi shi tare da 'yan ƙasa. Amma tambaya tana nan: ina salsalarmu? Ɗalibi nawa ne cikinmu ya taɓa jin sunan Goronyosaurus, balle a ce malaminsa ya kai shi ya ga duwatsun da ya fito daga ciki?

In an ce talauci ne, sai in ce a dubi Masar. Hesham Sallam ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Oxford, ya koma gida a 2010, ya kafa cibiyar binciken ƙasusuwan dabbobin dā a Jami'ar Mansura, ya tara ɗalibai maza da mata yana fita da su hamada. A 2017 ɗalibarsa Sanaa El-Sayed ta jagoranci bayanin wata tsohuwar tarwaɗa. A 2018 suka bayyana dainaso mai suna Mansourasaurus, da sunan jami'arsu. A 2021 ɗalibinsa Abdullah Gohar ya jagoranci bayanin wata dabbar teku mai shayarwa, mai ƙafa huɗu, ta shekara miliyan 43. Cikin kimanin shekara goma, mutum ɗaya da ya dawo gida ya yarda ya yi reno, ya kafa salsala a inda babu ita.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, ga hukumomin jami'a. Muddin ƙarin girma ya dogara ga yawan maƙalun da malami ya buga da sunansa kaɗai, to, lokacin da ya ba ɗalibi asara ce a gare shi, kuma ba wanda yake son asara. A sa reno cikin ma'auni: ɗalibi nawa ya yaye, nawa suka buga aiki da sunansu a gaba, nawa suka ci gaba da bincike. A ƙayyade yawan ɗaliban da malami ɗaya zai duba, a sa ranar ganawa a rubuce, a ba kowane ɗalibin babban digiri mai dubawa na biyu, a kuma buɗe ƙofar kai kuka wadda ba ta bi ta ofishin wanda ake ƙara ba.

Na biyu, a daina ɗaukar fita fili a matsayin yawon shan iska da ake fara sokewa in kuɗi ya yi ƙaranci. Daeschler a gefen titi ya fara. Mota ɗaya da abincin mako guda sun isa su kai aji guda inda idonsu zai buɗe. A kuma mutunta ma'aikatan ɗakin gwaji da na gidajen tarihi, a ba su horo da matsayi, domin kun ji wanda ya koya wa Shubin gani, kun kuma ji waɗanda suka fitar da Tiktaalik daga dutse.

Na uku, gare ku yayyenmu ma'aikata. Wata rana takardar neman izinin tono za ta biyo ta teburin ɗayanku. Ku tuna cewa ƙasusuwan Tiktaalik mallakar mutanen Nunavut ne, kuma bayan an gama nazari an mayar da su Kanada a 2015. Ku sa sharaɗi: duk ayarin da zai zo ya tafi da ɗalibanmu, ya koya musu aikin tun daga tono har rubutu, kuma abin da aka tono ya dawo. Sa'an nan ku tanadi wurin da zai dawo, domin ba a neman a mayar da amana alhali ba a gina rumbun ajiye ta ba.

Na huɗu, gare mu ɗalibai, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Da yawa cikinmu ba malami muke nema ba, sa hannu muke nema. Muna kwafe binciken waɗanda suka gabace mu, muna fushi in an mayar mana da babi a ce mu sake. Shubin ya yi makonni yana dawowa hannu wofi, bai ƙirƙiro ƙashi ba. Ayarinsu ya yi shekara shida yana komawa ƙanƙara kafin ya dace. Wanda yake son a rene shi sai ya zo da wuri, ya karanta abin da aka ba shi, ya faɗi gaskiya in gwajinsa bai yi ba, ya kuma jure gyara. Ƙungiyarmu ta ɗalibai, wadda ta iya tsayawa a kan maganar abinci da ruwa da ɗakin kwana, ya kamata ta sa maganar duba bincike cikin abin da take tattaunawa da hukuma, ta kuma riƙa karrama malaman da suka yi fice wajen reno, domin akwai su a cikinmu, mun san su, ofisoshinsu ne ba sa rabuwa da ɗalibai har bayan la'asar.

Daga ƙarshe ina roƙon malamanmu, cikin ladabi da girmamawa. Allah ya gafarta malam, maƙalar da ka buga bana, nan da shekara ashirin wani zai zo da wadda ta fi ta. Ɗalibin da ka zauna da shi ka koya masa gani kuwa, shi zai koya wa wani, wancan ma ya koya wa wani. Jenkins ya rasu tun 2012, amma waɗanda ya rena suna nan suna koyarwa, da ɗalibansu, da ɗaliban ɗalibansu. Duwatsun Sakkwato da na Gadufawa sun yi miliyoyin shekaru suna jira, ba za su gaji ba. Mu ne shekarunmu a jami'a ƙididdigaggu ne, kuma ga mu nan a bakin ofis da fayil a hannu.

Allah ya sa mu dace.